Zan koma Abuja da aiki: ta ina zan fara neman gidan haya mai sauƙin kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aiki a wani ofis da ke Wuse a Abuja, zan fara wata mai kamawa. Daga Funtuwa zan taso, ina da mata da yaro ɗaya, albashin kuma bai taka kara ya karya ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce gida a Abuja sai mai hannu da shuni. Ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a aikin, ɗan'uwa.

Kada ka biya kuɗin gida kana Funtuwa, kuma kada ka taso da iyali a zuwan farko. Ka zo kai kaɗai da jakarka, ka samu inda za ka raɓa na mako biyu zuwa huɗu, wurin ɗan garinku ko abokin aiki, ko da tabarma ce a falo. Dillali yana gane wanda ba shi da makwanci tun daga muryarsa, kuma shi ake tura wa ɗakin da kowa ya ƙi. Idan aikin na gwamnatin tarayya ne, ka tambayi sashen ma'aikata game da alawus ɗin kwana 28 na farko da ake bai wa sabon ma'aikaci a madadin masauki. Ka cike takardarsa da wuri, amma kada ka sa shi a lissafin kuɗin haya, domin yakan yi jinkirin fitowa.

A cikin waɗannan makonni aikinka shi ne sanin hanya. Wuse, Garki, Maitama, Asokoro, Utako da Jabi can ake aiki, amma yawancin masu aikin ba can suke kwana ba. Kowace safiya jama'a na kwararowa ta manyan hanyoyi uku. Akwai ta Kubwa, wadda ke ɗauko mutanen Gwarinpa, Dutsen Alhaji, Kubwa, Bwari, Dei-Dei, Zuba, har Madalla da Suleja a jihar Neja. Akwai ta filin jirgi, mai ɗauko Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Sai ta Keffi, wadda ta fi kowacce cika: Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu, sannan Mararaba, Ado da Masaka a jihar Nasarawa. Ban da su akwai ɓangaren Apo da Lokogoma, da kuma Mpape da ke kan duwatsu a bayan Maitama. A kowace hanya, haya na sauka gwargwadon nisanka da gari, kuɗin mota kuma na hawa.

Nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Yakan kwatanta haya da haya, alhali abin da zai kwatanta shi ne jimillar abin da zama a wurin zai ci masa a shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Ga misali da lambobin da na ɗauka don lissafi kawai, kai sai ka sa naka na gaskiya. A ce ɗaki a Masaka naira 350,000 ne a shekara, zuwa da dawowa kuma, haɗe da babur daga gida zuwa bakin titi, 2,400 a rana. Kwanakin aiki 22 a wata, wato 264 a shekara, kuɗin mota ya kama 633,600, jimilla 983,600. Wani ɗakin kusa da gari 750,000 ne, mota 1,000 a rana, wato 264,000, jimilla 1,014,000. Bambancin bai wuce dubu 30 da 'yan kai ba. Idan kuma na nesan yana cin ƙarin awa biyu a hanya kullum, awa 528 ke nan a shekara, daidai da kwana 22 cur, dare da rana, kana zaune a mota. Abin da ke tura mutane nesa shi ne kuɗin mota ana biyansa ne kaɗan-kaɗan, haya kuwa dunƙule ake nemanta. Wannan uzuri ne na gaskiya, ba na raina shi. Amma ka shiga da saninka, kada araha ta ruɗe ka.

Ga mai aiki a Wuse, ni hanyar Kubwa zan fara dubawa. Titin yana da faɗi, motocin haya na shigowa kai tsaye ta mahaɗar Berger, kuma sassan Kubwa da dama suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma. Dutsen Alhaji da Dei-Dei sun fi Kubwa sauƙi. Hanyar Keffi ta fi yawan gidaje masu araha da abinci mai araha, ga Hausawa jingim a Mararaba da Masaka, sai dai cunkoson gadar Nyanya da hawan Kugbo yana sa mutum ya bar gida da zarar an sallame Asuba. Mpape kusa take, amma dutse ne: ruwa na wahala, ga ƙarar fasa duwatsu. Suleja gari ne mai daɗin zama da iyali, kamar kana gida, matsalarta nisa. Ɓangaren Bwari kuwa ya sha fama da masu garkuwa da mutane a ƙarshen 2023 da farkon 2024, don haka gidan da ke bakin daji ko gindin dutse, inda gine-gine suka ƙare, ka bar shi komai arharsa.

Kada ka yarda da "minti ashirin ne zuwa gari" daga bakin dillali. Ranar Lahadi da rana yake nufi. Ka je unguwar ranar Litinin, ka tsaya a bakin titi ƙarfe shida da rabi na safe, ka hau mota zuwa ofis kana duba agogo, da yamma ka sake gwadawa. Ka lura ko sai ka canza mota sau biyu, domin an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, kuma kowane canji ƙarin kuɗi ne. Ka riƙa hawa a tasha, ba motar da ta tsaya maka a hanya da dare ba, saboda 'yan wan-cans masu fashi da sunan tasi.

Akwai kuma ƙauyukan da birnin ya cinye, irin su ƙauyen Garki, Durumi, Mabushi, Gishiri, Kuchingoro da Karmo. Ɗaki a nan yana da sauƙi, wasu ma da ƙafa za ka kai bakin aiki. Haɗarinsu rusau. Gine-gine da yawa a irin waɗannan wurare an yi su ne a filin da aka saya hannun masu unguwa ba tare da izinin hukumar birnin ba, kuma ranar da katafila ta zo babu mai mayar wa ɗan haya kuɗinsa. Ka duba bangon gidan da na maƙwabta: jan fenti mai alamar gicciye, ko wurin da aka shafe shi da sabon fenti, gargaɗi ne. Idan dole ta sa za ka zauna, ka nemi biyan wata uku ko shida maimakon shekara, kuma kada ka zuba kuɗinka a gyara.

Irin ɗakin ma lissafi ne. Mafi araha shi ne ɗaki ɗaya a gidan yawa, banɗaki da madafa na haɗaka. Sai ɗaki mai banɗakinsa da ɗan kicin a ciki, wanda dillalai ke kira sef-kon. Sai ciki da falo. Kai da za ka kawo iyali, banɗaki na cikin ɗaki ya cancanci ƙarin kuɗin, domin yawancin rigimar gidan yawa daga layin banɗaki, igiyar shanya da kuɗin wuta take tasowa. Kada ka manta da boskwata, wato ɗakunan masu aikin gida, a bayan manyan gidaje na Gwarinpa, Life Camp ko Wuse. Ba a cika tallarta ba, kuma mai gidan yakan fi damuwa da samun mutumin kirki fiye da ƙarin kuɗi, amma wasu ba sa karɓar mai iyali.

Yadda ake samun irin waɗannan shi ne da ƙafa da baki. Ka zaɓi unguwa biyu kacal, ka riƙa zuwa da yamma. Ka yi Magariba a masallacin layi, bayan an idar ka gaisa da liman ko ladan ka faɗi buƙatarka. Ka zauna wurin mai shayi. Ka tambayi 'yan ga-ruwa, domin su ke shiga kowane gida da jarka, sun san wanda ya fara ɗaure kaya tun kafin dillali ya ji. Masu gadi su ne masu labarin boskwata. A ofis kuma ka sanar da masinja da direbobi, ba manya kaɗai ba. Ɗakin da ka samu ta wannan hanya sau da yawa kai tsaye za ka yi magana da mai shi, ka tsira da la'ada. Hotunan da ake sawa a Facebook da Jiji suna da amfani wajen sanin farashin unguwa, amma duk wanda ya ce ka tura wani abu don a riƙe maka kafin ka gani, ka rufe maganar.

Idan ta dillali za ka bi, ka tambaye shi jimillar kuɗin shiga, ba haya kaɗai ba. Abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin ɗari la'adar dillali, wani kashi 5 zuwa 10 kuɗin lauya ko na yarjejeniya, sai kuɗin ajiya na ɓarna, a rukunin gidaje kuma akwai kuɗin hidima na gadi, shara da ruwa. Ɗakin 600,000 zai iya komawa 770,000 kafin a miƙa maka makulli: 60,000 dillali, 60,000 lauya, 50,000 ajiya. Duk waɗannan ana ciniki a kansu, musamman idan dillalai uku ne suka jeru a kan ɗaki ɗaya kowa na jiran kasonsa. Kuɗin ganin gida kuma ka biya shi ne bayan ka ji unguwa, farashi da sharuɗɗa, domin akwai masu cin abinci da wannan kuɗin kaɗai, su yi ta zagayawa da kai gidajen da suka san ba za ka ɗauka ba. Ka tambaya tun a waya ko mai gidan yana da sharaɗi kan ƙabila, addini, yawan yara ko irin aiki. Abu ne mara daɗi, amma yana faruwa, gara ka ji kafin ka kashe kuɗin mota. Ka kuma lura cewa la'ada da kuɗin lauya na shekarar farko ne. Mai sauya gida duk shekara yana biyansu duk shekara, shi ya sa ya kamata ka tambayi tsofaffin 'yan haya sau nawa aka yi musu ƙari a shekara uku da suka wuce.

Yanzu duba gidan kansa, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Ka je sau biyu aƙalla, ɗaya da rana tare da dillali, ɗaya da dare kai kaɗai. Ka fara da ƙasan bango. Idan ka ga layi mai duhu ya zagaye ɗakin a tsayin gwiwa, ko fenti ya kumbura yana zuba kamar gari, ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa rabi kawai, ruwa na shiga ko danshi na tasowa. Dokin ƙofa da aka ƙara wa tsayi da bulo ɗaya, da buhunan yashi a bakin get, duk labari ɗaya suke bayarwa. Damina a Abuja doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ambaliya ta sha cin gidaje a Lokogoma da wasu rukunan Lugbe, kamar yadda aka gani a rukunin gidajen Trademore a watan Yunin 2023. Gidan da ke gangare ko kusa da rafi, da rani ba ya nuna halinsa. Ka ɗaga kai ka dubi silin: tabo mai ruwan ƙasa yoyo ne. Ka buɗe famfo, ka zuba bokitin ruwa a masai ka ga ko yana wucewa da sauri. Idan ya tsaya yana kumfa, shaddar ta cika, kuma kuɗin kwasarta za a raba muku. Ka zaga baya ka ga tazarar rijiya da ramin masai. Idan suna dab da juna, ruwan ba na sha ba ne. Ka duba ƙarfen taga, ka girgiza ƙofa, ka kira wani daga cikin ɗakin ka ji ko akwai sabis.

Ruwa ka tambayi matan gidan, ba dillali ba: daga ina suke samu a watan Maris, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa? Idan burtsatse ce, wa ke sayen man janareta a tura ruwa sama in babu wuta? Idan 'yan ga-ruwa ne, nawa jarka, kuma iyali mai mutum uku jarka nawa za su sha a rana da wanki da wanka? Ka ninka da 30 ka ƙara a kan lissafin da muka yi a sama.

Wuta kuma tambaya uku ce. Mita mai kati ce ko bil na ƙiyasi? Taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka? Akwai bashi a kanta? Kamfanin AEDC ne ke raba wuta a Abuja, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni, daga A mai alƙawarin awa 20 a rana zuwa E mai awa 4. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, ya ninka na da fiye da sau uku. Saboda haka "wuta ba ta ɗaukewa a nan" magana ce mai fuska biyu ga mai ƙaramin albashi. Ka karɓi lambar mitar ka sa a sayi katin dubu ɗaya ko biyu a gabanka. Idan yunit ɗin da ya fito bai kai kuɗin ba, ana cire tsohon bashi ne, sai mai gida ya biya kafin ka shiga ko a rubuta a rage maka daga haya. Mitar haɗaka da maƙwabci mai injin daskarar da ƙanƙara ko rishon lantarki kuwa, kai za ka riƙa biya masa.

Kafin kuɗi ya bar hannunka sai ka tabbatar da mai gida. Damfarar da ta fi yawa iri uku ce: a karɓi kuɗin mutum biyu ko uku a kan ɗaki ɗaya, ko ɗan haya mai shirin tashi ya fito a matsayin mai gida, ko ɗaya daga cikin magada ya bayar da hayar gidan da ba a raba gadonsa ba, daga baya sauran su zo. Maganinsu ɗaya. Ka tambayi 'yan haya biyu, kowa daban, wa suke biya kuma ta wane asusu. Ka ga mai gidan ido da ido, ko ku yi magana ta bidiyo in ba ya gari. Idan lauya ko mai kula da gida ne wakili, ka je ofishinsa ka ga takardar wakilci. Ka biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da wanda ke cikin yarjejeniya, ka rubuta a bayanin turawar cewa hayar ɗaki kaza ce daga rana kaza zuwa rana kaza. La'adar dillali ka ba shi daban, bayan makulli ya shigo hannunka. Ɗakin da har yanzu akwai mutum a ciki, ko ginin da aka ce "saura tayil da fenti, kawo kuɗi a ƙarasa", kada ka biya duka. Mai gida yana gyara da sauri kafin ya karɓi kuɗi, bayan ya karɓa sai ka yi ta bin sa.

Takardar yarjejeniya ka karanta ta zaune, ko ka kai wa wanda ya iya. Ta faɗi ranar farawa, kuma ranar ta zama ranar karɓar makulli. Ta faɗi wa ke gyaran rufi, shadda da famfon burtsatse, yaushe za a iya ƙarin haya, da yadda za a mayar da kuɗin ajiya. Ka fi lura da sakin layin notis, wato sanarwar tashi daga gida. A dokar karɓar gida da ke aiki a Abuja, idan ba a rubuta wani abu daban ba, mai biya mako-mako yana da notis na kwana 7, mai biya wata-wata na wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara na wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara masa takardar kwana 7, sannan a je kotu. Amma abin da kuka sa wa hannu shi ke gaba. Lauyoyin masu gida sukan rubuta wata ɗaya, ko su mai da hayar mai ƙayyadadden wa'adi wadda ke mutuwa da kanta ranar da shekara ta cika, ka ga wata shidan nan ya tafi. Ka nemi a gyara, ko da zuwa wata uku ne. Mararaba da Suleja kuwa dokokin jihohinsu ke aiki a kansu. Ko a ina ne dai, mai gida ba shi da ikon cire rufi, garƙame ƙofa ko watso kayanka waje ba da umarnin kotu ba.

Game da haɗa kuɗin, ina ganin hayar da ta wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu a shekara za ta hana ka barci, kashi ɗaya bisa huɗu ya fi lafiya. Ka fara da rance marar ruwa daga 'yan'uwa, ko adashin da za a ba ka ɗaukar farko, ko ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikatan ofishinku. Manhajojin bashi na waya ka nisance su: ruwansu mai yawa ne, wa'adinsu gajere, kuma wasu sukan bi lambobin da ke wayarka suna tona maka asiri. Idan kuɗin bai kai ba, haɗa ɗaki da abokin aiki na shekarar farko ba abin kunya ba ne, amma sunanka ya shiga yarjejeniyar, kada ka zama baƙo a ɗakin da ka biya rabinsa.

Ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton kowane bango, taga, masai da fuskar mita, ka tura wa mai gida ta WhatsApp don ranar ta zauna a rubuce, ka canza kwaɗo. Daga albashin farko ka raba hayar shekara kashi 12, ka ƙara kashi 10 ko 15 cikin ɗari saboda ƙari, ka riƙa zubawa duk wata a asusun da ba shi da kati don hayar shekara mai zuwa. Iyali kuma ka bari sai ka kwana wata ɗaya a ɗakin, ka ga ruwan sama ya sauka a kansa in damina ce, ka san asibiti mafi kusa da inda za a samu mota ƙarfe biyun dare, sannan ka je Funtuwa ka ɗauko su.